Taron zumuncin ƙarshen wata: a ci gaba da shi ko a koma tura kuɗi kawai?

Sakataren Zumunci:
Assalamu alaikum iyaye, yayye da ƙanne. Da izinin Baffa zan kawo wata magana da wasu suka daɗe suna yi min a gefe. Gara a baje ta a faifai kowa ya tofa albarkacin bakinsa.

Taron da muke yi duk Lahadin ƙarshen wata ya yi sanyi, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuma ta haura 1,000. Magidancin da zai kwaso mata da yara daga Rijiyar Zaki ko Mariri zuwa Fagge, kuɗin adaidaita sahu kaɗai ya isa cefanen yini. Wanda aka sauka a gidansa kuma sai ya ɗora tukunya ya sayo lemo. Akwai gidajen da layi ya zo kansu suka roƙi a tsallake su.

Shawarar da aka kawo ita ce a mayar da taron sau biyu a shekara, bayan ƙaramar Sallah da bayan babba. Kuɗin wata-wata kowa ya tura ta banki. Sanarwar haihuwa, aure, rashin lafiya da rasuwa kuwa ga wannan zauren namu na waya. Bismillah.

Auta:
Wa alaikumus salam. Ni dai ina goyon baya, Yaya. Abin da mutum zai kashe a mota ya zuba shi a asusu ya fi amfani. Wanda aka kwantar a asibiti magani yake nema. Shigowar dubu ashirin a wayarsa ta fi masa mutum ashirin su cika masa ɗaki da sannu.

Injiniya (Danbare):
Nima haka nake gani. Zamani ya canza. Ko ɗaurin aure yanzu mutane da yawa a waya suke yin Allah sanya alheri, kuma ba a ce sun yanke zumunci ba.

Gwaggo ta Kurna:
Ni ce Gwaggo, jikata ce take rubuta min. Auta ɗana, wanda aka kwantar a asibiti ai an riga an san da shi. Ba shi nake ji ba. Ina jin wanda bai kwanta ba, bai faɗa ba, kuma ba zai taɓa faɗa ba.

Mu gidan nan akwai kunya. Cikin zauren nan har da surukai, har da 'ya'yan da muka haifa da jikoki. Wace mace ce za ta rubuta a gaban duk waɗannan cewa kwana biyu ba a hura wuta a gidanta ba? Wane magidanci ne zai rubuta cewa mai gidan haya ya ce ya tashi? Sai dai ka ga ya turo addu'ar Juma'a, kowa ya ce amin, a ɗauka lafiya lau yake.

Amma in an zauna a tabarma ɗaya ido yana gani. Ka ga wadda kullum da ɗan kunnenta na gwal, yau kunnen wayam. Ka ga yaron da aka ce yana jami'a amma wata da watanni yana gida. Ka ga wadda ta ci loma biyu ta juye sauran a leda ta tura cikin jaka, ka san yara ta tuna. Ba a cewa komai a wurin. Washegari sai a aiki yaro da kwanon shinkafa da ɗan abin cefane, a ce ga shi in ji Gwaggo, tsaraba aka kawo mata ta ce a ɗiba muku. Babu wanda ya roƙa, babu wanda aka tozarta. Haka iyayenmu suka riƙe gidan nan, ba don suna da kuɗi ba. Mai rufin asiri ba ya roƙo, sai dai a gan shi. In kun hana mu ganin juna, kuɗin zai taru a banki amma masu bakin faɗa ne kaɗai za su ci moriyarsa.

Malam Ƙarami:
Allah ya saka wa Gwaggo da alheri. Zan ƙara da abu ɗaya. Ya tabbata a Bukhari cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce mai sada zumunci ba shi ne wanda yake ramawa ba, shi ne wanda in an yanke masa sai ya sadar. Tura kuɗi sadaka ce kuma zumunci ne, babu mai musun haka. Sai dai lissafin tura kuɗi yakan koma na ramuwa: wane ya bayar a bikina, wane bai bayar ba. Ziyara ita ce take kai mutum ƙofar wanda ba shi da abin rama masa.

Ƙanwa daga Hotoro:
Gwaggo, Allah ya ƙara girma, ki gafarce ni in na yi rashin kunya. Malam, kai ma ka yi haƙuri. Idon da yake gani ya taimaka, shi ne kuma yake gani ya kai gaba. Ni na daina zuwa taron nan kuma ba kuɗin mota ne ya hana ni ba.

Macen da ta daɗe a ɗakin miji Allah bai ba ta haihuwa ba, duk wata sai an kalli cikinta an ce "har yanzu shiru?" Wata ta kawo sunan mai magani, wata ta ce ko dai ita ce take shan wani abu. Budurwar da ta gama karatu ba ta samu miji ba, tun daga ƙofa ake fara mata "yaushe za mu sha biki?" Wadda aurenta ya mutu kuwa, tana shigowa hira take tsayawa. Mutum ya koma gida ya kwana yana kuka, sannan a ce masa wannan shi ne zumunci.

Ga kuma gasar sutura. Taron da aka fara shi da atamfar gida yanzu ya koma na leshi da mayafi mai tsada. Na san waɗanda suke cin bashi su yi ɗinki don kada a raina su. Waɗanda Gwaggo take so a gani ɗin, su ne na farko da suka daina zuwa, saboda ba su da abin sawa. To wa ake gani a taron ke nan?

A waya aƙalla mutum yana da damar ya yi shiru.

Maman 'Yan Biyu:
Wallahi ta faɗi gaskiya. Da yawa muna da wannan a ciki, nauyin baki ne ya hana mu.

Anti Nas (Ingila):
Ƙanwata, na ji zafin abin da kika rubuta, kuma ban ga abin cirewa a ciki ba. Amma bari in gaya miki abin da nake gani a wurin aikina. Ina kula da tsofaffi ne. Ƙasar nan tana biyan fansho, magani a asibitin gwamnati kyauta ne, ana aiko mai kula har gida. Duk abin da tura kuɗi zai iya yi, an yi. Duk da haka za ki ga dattijuwa an sallame ta daga asibiti tana neman dalilin da zai sa a bar ta ta ƙara kwana, saboda a gida ba ta da wanda za ta ce wa ina kwana. Wani in kin shiga ba shi magani sai ya riƙe hannunki yana ba ki labarin matarsa da ta rasu, kin san ke ce mutum na farko da ya yi magana da shi tun jiya.

Abin ya kai a 2018 gwamnatin Birtaniya ta naɗa minista musamman kan matsalar kaɗaici, Japan ma ta yi haka a 2021. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto cewa mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da shi, kuma likitoci suna danganta shi da ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da ciwon damuwa. Mu ma da muka zo daga gida abin bai bar mu ba. Akwai 'yan Arewa a nan da suke tuƙi mai nisa ranar Sallah don kawai su ji ana gaisawa da Hausa.

Abin da kika lissafa cuta ce ta gaske a cikin taron. Ni dai ina roƙon a yi maganin cutar, kada a rufe taron.

Alhaji (Abuja):
Salamu alaikum. Tun da an ce a faɗi gaskiya, nima ga tawa. Duk ranar da na zo taron nan, kafin in kai ga mota mutane sun biyo ni. Wannan kuɗin makaranta, wannan jari, wannan a samo wa ɗansa aiki. Ba na ƙin taimako, Allah shaida ne, kuma littafin asusu yana hannun Sakatare. Amma nima ɗan gidan nan ne. Ina so in zo in zauna a tambaye ni lafiyata kamar kowa. Sau da yawa ina dawowa da jin cewa aljihuna aka gayyata. In za a koma tura kuɗi, ni ya fi min sauƙi, zan ma ƙara abin da nake bayarwa.

Auta:
Kun gani ko? Mai shi ya gaji, marar shi ya gaji, mata sun gaji. Wa ya rage?

Kawu na Kumasi:
Assalamu alaikum. Ina gaida Yaya Baffa da Yaya ta Kurna. Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba, don mu da muke nesa ba mu ne muke biyan kuɗin adaidaita ba. Amma ku da kuke Kano kuna riƙe da abin da mu ba mu da shi, shi ya sa kuke ganin za ku iya ajiye shi ku ɗauka duk ranar da kuka so.

Bari in tuna wa yara yadda aka yi reshen gidan nan ya zo ƙasar Asante. Fataucin goro ne ya kawo kakanmu. Ayari yakan tashi daga Kano da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafin rini da fatu, ya ƙetare kogin Kwara, ya ratsa Borgu, har ya kai Salaga a ƙasar Gwanja. Tafiya ce ta watanni. Babu banki, babu waya, babu kotun da za ta ƙwato maka haƙƙinka a ƙasar da ba taka ba. Abin da ya riƙe wannan ciniki shi ne mai gida. In ka sauka a zango, mai gida zai ba ka ɗaki, ya ajiye kayanka, ya nemo maka mai saye, ya tsaya maka in za a ba ka kaya bashi. In ajali ya same ka a can, shi zai yi maka sutura ya riƙe dukiyarka har magada su zo. Kuma ba kowa yake yi wa haka ba, sai wanda ya san gidansu, ko ya san wanda ya san gidansu. Jarin bafatake na farko sanayya ce, kafin jaki.

Bayan yaƙin Salaga na 1892 mutanenmu suka watsu, wasu Kete Karachi, wasu Kumasi, wasu Akra. Duk inda suka sauka abu na farko masallaci, sai Sarkin Zango, sai makarantar allo. Har gobe in baƙo ya sauka a zangon Kumasi ko unguwar Nima ta Akra da Hausa a bakinsa, ba zai kwana a titi ba.

Amma abin da nake so ku ji shi ne na 1969. A ƙarshen shekarar gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar Ghana. Aka kwashi mutane a manyan motoci, cikinsu har da waɗanda aka haifa a zango ba su taɓa taka Najeriya ba. Mahaifinmu ya sha ba mu labarin. Waɗanda iyayensu suka riƙe zuwa gida, suna kai yara a gan su, suna aika goro, suna zuwa gaisuwar mutuwa komai nisa, sun sauka a ƙofar da aka san fuskarsu, aka share musu ɗaki. Waɗanda zumuncinsu ya tsinke sun isa tasha da kaya a kai, ba su san sunan unguwar da za su ce a kai su ba. Wasu suna da kuɗi a jikinsu ma, amma kuɗin bai buɗe musu ƙofar kowa ba.

'Ya'yana a nan Turanci da Twi sun fi musu sauƙi a baki. Abin da nake nuna musu in ce ga danginku shi ne hoton taron nan na ƙarshen wata. In na samu zuwa Kano nakan daidaita tafiyar da ranar, don na san zan samu kowa a wuri ɗaya. Sau biyu a shekara kuwa, wannan shekara a ce ruwa ya hana, wata a ce an yi rasuwa, shi ke nan.

Injiniya (Danbare):
Kawu, Allah ya ja kwana. Labarin nan ya taɓa ni. Amma wancan zamani ne da babu waya. Yanzu ɗanka a Kumasi zai iya ganin fuskata duk lokacin da ya so.

Ɗan Maraɗi:
Yaya Injiniya, mu mun gwada zumuncin waya zalla, ba da son ranmu ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar aka rufe iyaka, sai a watan Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Tsakanin Maraɗi da Katsina ta Jibiya tafiyar 'yan sa'o'i ce, amma ta zama kamar wata duniya. Waya tana aiki, ana gaisawa kullum. Duk da haka mutane suka riƙa hawa babur suna bin daji don su je jana'iza ko su duba uwa, ga tsada ga haɗari. Ba wanda ya tilasta su. Sun dai san akwai abin da murya ba ta isarwa.

Sannan maganar kuɗi. A nan jihar Maraɗi aka fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991, da taimakon ƙungiyar CARE, kuma daga nan ya bazu ƙasashe da yawa. Asalinsa adashin da iyayenmu mata suka sani ne aka gyara. Mata suna haɗuwa duk mako, kowa ta zuba abin da aka yanka a gaban kowa, akwatin ƙarfe ne mai makulli uku kuma mabuɗan suna hannun mata uku daban. Wadda ta makara ko ta ƙi zuwa ba uzuri akwai tara. Inna tana ciki. Na taɓa tambayarta me ya sa ba za a riƙa aiko da kuɗin kawai ba, ta ce wadda kike ganin idonta duk mako ba ta cin bashin asusu ta gudu, kuma in ta kasa biya kin riga kin san dalili kafin ta faɗa. Ina jin tsoron in aka daina haɗuwa, kuɗin ma da ake sa ran zai ƙaru raguwa zai yi. Mutum yana ba wanda yake gani ne.

Sakataren Zumunci:
Wannan kam littafi ya tabbatar. Waɗanda suka daina zuwa, yawancinsu bayan ɗan lokaci biyan ma yakan tsaya.

Baffa:
Assalamu alaikum. Na sa an karanta min duka. Kowa ya yi magana da ladabi, Allah ya yi muku albarka.

Zan fara da Injiniya. Kai da kake zana gidaje, ka duba gidan da ka tashi a ciki a Fagge, ka duba wanda kake zaune yanzu. Na farko yana da zaure. Bayan magariba kowane magidanci a layin yakan fito da kwanon tuwonsa, a shimfiɗa tabarma a haɗa a yi ciyayya. Kwano shida, kwano bakwai, wani miyar kuka wani kuɓewa wani taushe. Wanda ranar ba a dafa a gidansa ba shi ma yana fitowa ya wanke hannu ya zauna, babu mai ƙirga kwanon wa ya zo na wa bai zo ba. Baƙon da dare ya yi masa ya ci. Almajiri ya samu saura. Kuma duk wanda ba a gani ba a zaure, kafin isha'i an tura yaro ya dubo ko lafiya. A wurin ake jin wane zai aurar da 'ya, a wurin ake sasanta ma'aurata tun maganar ba ta je gaban alƙali ba, a wurin ake gaya wa mutum ɗanka ya fara bin 'yan banza tun abin bai yi nisa ba. Babu wanda ya kira shi taro. Zama ne kawai na kullum.

Yanzu kuna gina katanga mai tsawo da ƙofar ƙarfe, mota ta shiga a rufe. Ban ce laifi ba ne, na san akwai ɓarayi kuma fili ya yi tsada. Amma zauren ya tafi, ciyayya ta tafi, dangin da suke layi ɗaya sun watsu daga Ɗorayi har Jaba. Taron ƙarshen watan nan shi ne ɗan abin da ya rage mana a madadin zaman kullum. Daga kullum muka koma wata-wata. Yanzu ana so a koma shekara sau biyu.

Alhaji, maganarka ta dame ni, kuma kana da gaskiya. Bai kamata a tare ka a bakin mota ba. Daga yau duk mai buƙata ya zo wurina ko wurin Gwaggonku ko Malam Ƙarami, mu za mu san yadda za a yi da asusu, babu mai jin sunansa. Amma ka ji wannan daga bakina. A Abuja kowa Alhaji yake ce maka. A nan ne kaɗai ake da waɗanda suka goya ka, suke kiran ka da sunan da uwarka take kiran ka, kuma in ka karkace za su gaya maka ba tare da tsoron rasa komai ba. Kai ma kana buƙatar a gan ka. Ranar da ciwo ya kwantar da kai, Allah ya kiyaye, ba za ka rubuta a nan ba, na san halinka.

Ke kuma 'yata ta Hotoro, ba ki yi rashin kunya ba. Mu manya muka bari abin ya kai haka. Haihuwa da aure na Allah ne. Wanda ya tambayi mace a gaban jama'a me ya sa ba ta haihu ba ya cutar da ita, ko da da kyakkyawar niyya ya yi.

Injiniya (Danbare):
Baffa, Allah ya ƙara lafiya. Maganar zaure haka take. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, da aka sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, na ga bambancin da idona. A unguwarmu mutum yana da kuɗi a banki amma tura su ya gagara, kuma mai shago ba zai ba ka ko burodi bashi ba don bai san ka ba, motarka kawai ya sani. A Fagge kuwa mai shago ya buɗe littafi, mai kayan miya ta bayar a kan sai an samu, mai ruwa ya zuba ya tafi. Unguwar da ta fi talauci ita ta fi samun sauƙin wannan lokacin. Duk da haka ina nan a kan cewa kuɗin mota da na girki matsala ce ta gaske, kuma tarihi ba zai biya su ba.

Maman 'Yan Biyu:
To a cire girkin mana. Wa ya ce dole sai shinkafa da kaza? A yi bayan la'asar, a tashi kafin magariba, ruwa da goro ko dabino sun isa. Gidan da ba shi da hali ma sai ya karɓi layinsa ba tare da fargaba ba.

Gwaggo ta Kurna:
A'a 'yata, kada a cire abinci gaba ɗaya. Akwai yaran da wannan ranar suke jira. A yi yadda Baffanku ya faɗa, kowane gida ya zo da abin da ya dafa ko ɗan wake ne, a juye a manyan farantai tun a ƙofa yadda ba za a san na wa ne ba. Wadda ba ta kawo ba ta shigo abinta.

Maganar sutura kuma ni zan fara. Da atamfar da nake zama da ita a gida zan zo. In Gwaggo ta zo haka, ina so in ga wadda za ta shigo min da leshi.

Ke kuma ta Hotoro, ki zo ki zauna kusa da ni. Duk wadda ta buɗe baki ta ce miki har yanzu shiru, ni zan ba ta amsa.

Ƙanwa daga Hotoro:
Na gode Gwaggo, Allah ya bar mana ke. Zan zo. Amma ina roƙon Baffa ya faɗi wannan maganar da bakinsa a wurin taron, don masu yin tambayar yawancinsu manya ne, kuma ba ni kaɗai ake yi wa ba. Akwai waɗanda ba za su iya rubuta abin da na rubuta ba.

Baffa:
Zan faɗa, kafin addu'ar buɗewa.

Alhaji (Abuja):
Na ji, Baffa. Kuɗin mota ga gidajen da suke nesa a bar min, amma ta hannun Sakatare, kada a ce daga wurina ne.

Auta:
Ni har yanzu ina ganin wata-wata ya yi yawa ga masu aikin da ba su da hutun Lahadi. Wanda yake tsaron shago a Kantin Kwari ko yake jan adaidaita, yinin da ya rasa babu mai mayar masa. A bar mana ƙofa, wanda bai samu zuwa ba kada a ɗauke shi mai yanke zumunci.

Malam Ƙarami:
Wannan daidai ne, Auta. Mai uzuri ba a zarginsa. Sai dai in an ga mutum ya jera watanni bai zo ba, a tura mutum biyu su je gidansa. Ba bin ba'asi za su je ba, gaisuwa ce.

Sakataren Zumunci:
To madalla. Na wannan watan yana nan a gidan Yaya na Gwammaja, bayan la'asar. Sauran bayani zan turo.

Gwaggo ta Kurna:
Kafin ku tashi. Duk wannan maganar masu babbar waya ne suka yi ta. Innarku ta Rijiyar Lemo ba ta cikin zauren nan, haka matar marigayi ta Ɗorayi da 'ya'yanta, haka Kawunku makaho. Su ne suka fi kowa jiran ranar nan, kuma da an soke ta sai dai su ji shiru. Wa zai je ya gaya musu yadda aka yi, ya kuma ji ko suna da abin cewa?

Maman 'Yan Biyu:
Rijiyar Lemo hanyata ce, zan biya gobe in na tashi daga makaranta.

Injiniya (Danbare):
Ɗorayi da gidan Kawu a bar min. Ranar taron ma ni zan ɗauko su.